Kushin na Sittin da Ɗaya

Ku samarin da kuke zama a bakin rumfata a unguwar Guéma kuna shan inuwa kyauta, duk abin da kuke faɗa ina ji. Wai ɗinkin katifa ba sana'a ba ce, buhu ne kawai a cusa masa auduga a ɗinke baki. Jiya ma ɗayanku ya ce ko akuya aka miƙa wa basilla za ta iya. To, ku gyara zama. Ni Istifanus na haura shekara arba'in ina wannan aiki, kuma sau ɗaya tak aka taɓa tsayar da ni gaban jama'a a kansa. Shi ma laifina bai wuce na yi aikin da kyau fiye da kima ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan rataye kuna gani. Akwai bakan shiɓa da ake kaɗa auduga da shi har ta tashi ta yi sakayau. Akwai tsumagiya biyu na bugu, da doguwar basilla da ke ratsa katifa daga sama ta fito ƙasa, da zare mai kauri wanda ake goga wa kakin zuma don kada ya tsinke. Babban kayan aikin kuwa ba ya rataye a bango, bayanka ne. Duk katifar da ka gama sai ka kwanta a kai ka rufe ido ka saurari abin da bayanka zai gaya maka. Idan kun gan ni kwance da rana tsaka, aiki nake yi, ku daina yaɗa cewa na tsufa.

Katifata ta farko a Djougou na ɗinka ta. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta nan Parakou, Kirista ne, amma da zai ba da ni koyon sana'a wajen Malam Sanda ya kai ni, wani jikan fataken goro wanda salla ba ta wuce shi. Ranar da na isa ya ce mini, "Ranar Lahadi ka je ka gaida Ubangijinka, ba ruwana. Amma Litinin ka dawo mini da hannunka biyu." Sati guda na yi a kan katifar nan. Da na gama sai ya kwanta a kai, ya rufe ido har na zaci ya yi barci. Can ya ce in miƙo wuƙa. Ya tsaga wuri ɗaya, ya zura yatsa biyu, ya zaro angurya ƙwaya ɗaya tak, ɗan irin audugar nan baƙi.

"Ka ga wannan?" in ji shi. "Wani bawan Allah zai kwana yana juyi a kanta. Da safe ya tashi ya zagi matarsa, matar ta mari ɗanta, ɗan ya jefi kare, karen ya ciji mai unguwa. Duk kai ne, Istifanus." Ya sa na kwance katifar gaba ɗaya na sake. Tun daga ranar hannuna bai iya barin ƙulli ko dunƙule a cikin aiki ba, ko da na so.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai wani direba da ya dawo mini da katifa sau biyu yana faɗa wai ta yi masa gajarta, sai da na bi shi gida na tarar a gicciye yake kwanciya. Akwai masu kawo tsohuwar katifa gyara, kuɗin cizo na fita daga ciki runduna-runduna, su rantse maka a rumfarka suka shiga. Duk wannan ana yi ana dariya, ana cin tuwo.

Sai shekarar da katifar soso ta shigo, wadda masu Faransanci ke ce wa mus. Manyan motoci suka riƙa juye ta daga kudu, mai launi-launi, marar nauyi, amarya na ɗaukar tata da hannu ɗaya. Na yi wata uku ban zura zare a basilla ba. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, don ban iya komai ba a duniya sai wannan. Amma kullum da safe sai in zo in buɗe rumfa, in share, in yi Addu'ar Ubangiji, in zauna kusa da buhunan audugata. Matata Hannatu takan ce, "Maigida, wai ƙudaje kake buɗe wa rumfar nan?" Ni kuwa in ce mata tunda na roƙi abincin yini, ai gara Mai bayarwa ya same ni a inda ya saba samuna.

Aiki ɗaya ne ya shigo bayan watannin nan, shi ma ya kunyata ni. Akwai wata mata a majami'armu, Maman Silas, mai tuyar ƙosai a unguwar Kpébié. Ɗanta Silas direban motar auduga ne, ya yi haɗari a hanya ya rasu. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace mata. 'Yarta Rahila ce ta zo ta same ni, ta ce, "Baba Istifanus, ko katifar ce? A yi mata sabuwa." Na yi mata ta auduga, na zuba duk abin da na sani. Ba ta runtsa ba. Na sake yin ta audugar rimi, mai laushi kamar cikin kyanwa. Ba ta runtsa ba. Har soson ma Rahila ta sayo a ɓoye don kada in ji haushi, shi ma bai yi komai ba, kuma Allah ya gafarta mini, wannan ya ɗan yi mini daɗi. Matar nan tana ta ramewa, idanunta sun faɗa, tana magana tana mance abin da ta fara.

Zaman banza ne ya sa na dubi buhunan audugar nan wata rana na ce, tunda mutane sun ƙi ku, bari in kai ku gidan Allah. Majami'armu tana Ganou, 'yar ƙarama ce, bencinanta katako ne tsurarsa wanda ke cin zane da wando. Na sami ragowar shuɗin yadi, na ɗinka kushin sittin, kowa da nasa. Ban yi musu aikin sadaka ba, aikin Malam Sanda na yi musu. Kowane ɗaya sai da na shiɓe audugarsa sau uku na tsince ta da yatsa.

Sai ku san yadda sujadarmu take kafin ku ga laifin kowa. Fastonmu na lokacin, Fasto Daniyel, saurayi ne mai zafin wa'azi, da Faransanci yake yi. In ya faɗi magana sai tafinta ya juya ta Hausa, sannan ya sake juya ta Baatonum, yaren 'yan ƙasar nan. Watau kowace magana sau uku ake jin ta, biyu daga ciki ba naka ba ne. A da katako ne ke riƙe mu a farke.

Lahadin farko, Fasto bai kai rabi ba kawuna suka fara sunkuyawa layi-layi. Mawaƙa suka jingina da juna. Mai ganga ya rungume gangarsa. Shi kansa tafintan, da ya ɗan zauna ya huta tsakanin Hausa da Baatonum, bai sake tashi ba, Fasto ya yi ta jiran fassara shiru. Ni kuwa ina can baya ido biyu, ina ƙirga kawuna ina jin daɗi kamar manomi a gonarsa. Sai idona ya kai benci na uku ta wajen taga. Maman Silas ce, kanta a jikin bango, bakinta a buɗe, tana minshari mai ƙarfi. Rahila na gefenta tana kallona tana share hawaye. Lahadi biyu aka yi haka, har matar nan ta fara dawowa cikin hayyacinta.

Shugaban komiten majami'armu shi ne Dattijo Barnaba, tsohon malamin makaranta, mutum mai son tsari wanda ko tari sai da dalili ake yi a gabansa. Ya kira ni gaban komite bayan sujada.

"Bon," in ji shi. "Istifanus, mun gode da kyauta. Amma ka mai da gidan Allah masauki. Ka kwashe su ka taurara su, duka sittin ɗin."

Na ce, "Baba, Maman Silas fa? Nan kaɗai take samun barci."

Ya ce, "Majami'a ba asibiti ba ce. In aka bar mutum ɗaya, gobe kowa zai kawo dalilinsa. Kuma kada in ga wani ya shigo da kushin daga gida, a bakin ƙofa zan tsaya. Voilà." Daga nan ya sa aka samo masa doguwar gora, aka ɗaura gashin kaza a kanta, don sosa hancin duk wanda ya gyangyaɗa.

Na koma rumfa na zauna da kushin sittin, sai na tarar ban san yadda ake yi ba. Na gwada dannawa, na gwada rage audugar, duk wanda na zauna a kai sai in ji daɗi. Ba a taɓa koya mini ɓata aiki ba. Washegari na hau mota zuwa Djougou.

Malam Sanda ya tsufa tukuf a lokacin, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure yana gurza goro a ɗan magogi don haƙora sun tafi. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, na zo koyon abin da ka rage mini."

"Me na rage maka, ɗan nema?"

"Mugun aiki."

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Watau Allah ya ba ku hutu kun ce ba ku so? Ai mu ma muna gyangyaɗi a huɗubar Juma'a, kuma a kan tabarma muke, ba wanda ya kama mai saƙar tabarma." Ya ce shi bai taɓa yi ba, amma ya ji marasa tsoron Allah na cusa ɓawon gyaɗa. Da na kawo maganar Maman Silas kuwa sai dariyar ta tsaya. Ya tambaye ni:

"Guda nawa suka ce ka taurara?"

"Sittin, Malam."

"To ka taurara musu sittin ɗinsu cif. Wa ya hana ka ɗinka na sittin da ɗaya?"

Haka na yi. Na cika sittin da ɓawon gyaɗa, raina na ƙuna. Na ɗinka ƙarin guda da audugar da ta fi kowace kyau. A nan ne na yi wautar da sai mai katifa zai yi ta. Don kada Dattijo Barnaba ya gane, kuma don hannuna ya ƙi yin aiki biyu daban, na yi shi da yadi ɗaya, tsawo ɗaya, ɗinki ɗaya da sauran. Ya yi kama da su har ni da na ɗinka ba na iya gane shi da ido. Ranar Asabar da yamma na kai su, na ajiye mai laushin a benci na uku ta wajen taga, na tafi gida ina yaba wa kaina.

Na mance da zumuntar mata, ƙungiyar matan majami'armu. Kowace Lahadi da sassafe sukan zo shara, su tattara kushin duka su tara a kusurwa, su goge bencina, sannan su mayar yadda hannu ya kama. Ba kuma halin in roƙe su, don shugabarsu matar Dattijo Barnaba ce.

Sujadar ɓawon gyaɗa kuwa sai wanda ya gani. Mutum ya motsa kaɗan sai ka ji ƙaras-ƙaras. Mutum sittin na neman wurin da ba ya suka, majami'a ta koma kamar ana sussukar hatsi. Ba wanda ya yi barci, ba kuma wanda ya ji wa'azi. A tsakiyar wannan duka sai ga mai ganga shi kaɗai yana sharar barci cikin salama, aka yi ta sosa masa hanci da gashin kaza. Maman Silas tana zaune a kan ɓawo, ido ƙuru.

Na ɗauke kushin bayan an tashi, na yi masa 'yar alama da jan zare a ƙasa, na mayar wurinta. Matar Dattijo ba ta son ganin zare na reto, ta sa reza ta yanke. Lahadi ta biyu na yi sammako ina bin bencina, in zauna nan in tashi, in zauna can in tashi, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Ban kai rabi ba mutane suka fara shigowa, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ba ni sunan maganin basir. Ranar wani ango ne ya dace da mai laushin, ya yi ta barci a gaban surukansa.

A cikin satin nan Rahila ta zo rumfa hankalinta a tashe. Uwarta ta gyangyaɗa a tsaye a bakin kasko, hannunta ya shiga mai, da ba don wata mai saye ta fizgo ta ba da fuskarta ce za ta shiga. Na ga hannun naɗe da tsumma ranar Lahadi. Na durƙusa a bayan majami'a na ce, ya Ubangiji, dabarata ta ƙare, ka kai kushin nan inda ya kamata.

Ya kuwa kai shi. Dattijo Barnaba yakan zauna a gaba ne, a kujerar da ke fuskantar jama'a, gorarsa a hannu. Fasto na tsakar wa'azi na ga gorar ta fara karkata. Kan Dattijo ya yi baya, gilashinsa ya zame, sai minshari. Majami'a ta yi tsit, ko ɓawo ɗaya bai yi ƙara ba. Gorar ta suɓuce ta faɗi a kan ganga, dum! Dattijo ya zabura ya miƙe, ya daka tsawa da Faransanci wai kowa ya fito da littafinsa a yi dikte, watau shifta. Har Fasto sai da ya juya ya ba mu baya, kafaɗunsa na rawa.

Dattijo ya ɗaga kushin ya matsa. Shiru, ba ƙaras. Ya sake matsawa. Mai katifa ɗaya ne a majami'ar, don haka ba a yi dogon bincike ba.

Na tashi tsaye, na faɗi gaskiya duka, tafinta na juya kunyata zuwa harshe biyu. Na roƙi gafara a kan ɓoyewar da na yi. Sannan na ce akwai labarin da ake karanta mana wanda kowa ke jin iska da raƙuman ruwa a ciki, ni kuwa abu ɗaya nake ji. Ranar da hadari ya taso wa almajiran Yesu a cikin jirgin ruwa, shi yana can baya yana barci, kuma a kan matashin kai yake. Na ce wani ne ya ɗinka matashin nan, ɗan sana'armu ne, kuma Ubangiji bai ce ya yi laushi da yawa ba.

"Ba a jirgi muke ba, Istifanus," in ji Dattijo, amma muryarsa ta sauka.

Sai Maman Silas ta dafa benci ta miƙe. Ba ta taɓa magana a gaban jama'a ba. Ta ce, "Baba, ku yafe masa, don ni ya yi. A gida in na kwanta kunnena na bakin titi. Duk motar da ta wuce sai in ce ko shi ne, na san kuwa ba shi ba ne. Ni kaɗai ke gadi, ba mai karɓa ta. Amma in na zo nan na ji Fasto na magana, na ji kuna amsawa da amin, sai in ce to, ga mutane a farke, ga kuma Mai gidan a farke. Sai in ajiye gadin in ɗan huta. Ba raina wa'azi na yi ba."

 Ba wanda ya nemi fassara.

Dattijo Barnaba ya tsaya da kushin a hannu, ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Sannan ya taka da kansa har benci na uku, ya janye na ɓawon ya yar a ƙasa, ya shimfiɗa mata mai laushin. Ya ce, "Zauna, 'yata." Ya koma ya ɗauko gorarsa ya dawo ya tsaya a gefenta. Daga ranar aikin gorar ya sake. Duk wanda ɓawonsa ya yi ƙara kusa da Maman Silas, shi ake sosa wa hanci. Fasto Daniyel ya koyi sassauta murya in ya ga kanta ya kai bango, mawaƙa kuma suka riƙa ajiye waƙoƙi masu tsalle sai ƙarshe.

Na ɓawon ba su yi rai ba, ɓeraye suka gano su kafin damina ta fita, muka koma kan katakonmu. Bayan wasu watanni Rahila ta zo ta ce uwarta ta fara barci a gida, kuma ku rubuta wannan ku ajiye, a kan ta audugar da na fara yi mata ne, ba a kan soso ba. Aiki ma ya ɗan dawo, don tsofaffin da soso ya lanƙwasa wa baya sun riƙa lallaɓowa ɗaya bayan ɗaya. Kushin na sittin da ɗaya kuwa ya zauna a majami'a. Matar Dattijo da kanta ta yi masa alamar gicciye da jan zare, babba, wadda ko makaho zai shafa ya ji. Duk wanda aka yi wa rasuwa, shi ake ajiye wa.

Bara waccan Hannatu ta rasu. Na ci gaba da buɗe rumfa, ina sharewa, ina addu'ata, amma ni mai katifa na yi kwana goma sha ɗaya ina juyi a kan aikin hannuna. Ban gaya wa kowa ba. Lahadin da na koma sujada, na tarar da Maman Silas a bakin ƙofa, ta tsufa tana dogara sanda, kushin na hammatarta. Ta kama hannuna ta kai ni benci na uku ta wajen taga, ta shimfiɗa shi.

"Zauna, Malam Istifanus," ta ce. "Yau mu ne masu gadi."

Na zauna. Jikina ya gane aikina nan take, babu angurya ko ƙwaya ɗaya. An ce Fasto ya yi wa'azi mai kyau ranar, cikin harshe uku. Ban ji ko kalma ɗaya ba.